Littafin aikin tare taki a gona kafin ya gangara rafi

9 ga Mayu

Aikin da na ɗauka a bana shi ne rage takin da ruwan sama ke kwashewa daga gonata ya kai rafi. Gonar hekta biyu ce, tana da gangara, a ƙasanta kuma akwai ƙaramin rafi da ke zuba cikin wani tafki. Duk damina, kafin a kai tsakiyarta, tafkin yakan rufe da gansakuka da kainuwa, ruwan ya yi kore shar, ya fara wari, wani lokaci a wayi gari kifi ya taso ciki sama. Ba gonata kaɗai ke zuba masa ba, amma ita kaɗai ce nake da iko a kanta.

Sinadarai biyu ne ke wannan ɓarna, naitirojin da fosfaras. Su ne ke sa masara ta yi kyau a gona, su ne kuma ke ciyar da gansakuka idan sun shiga ruwa. Idan gansakukar ta mutu ta nutse, ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da ita, a wajen ruɓarwar kuma sai su shanye iskar oksijin da kifi ke numfashi da ita. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin naitirojin ɗin da manoman duniya ke zubawa ba ya shiga jikin shuka. Wani ya tashi sama, wani ya nutse ƙasa, wani ya bi ruwa. Wannan rabin na saye shi da kuɗina, kuma wani ne a ƙasan rafi ke shan wahalarsa.

13 ga Mayu

Na ɗebi ƙasa don gwaji. Na raba gonar sama da ƙasa, na bi kowane ɓangare a karkace ina haƙa zurfin santimita 20, na gauraya na kowane ɓangare a bokiti daban, na shanya a inuwa. Malamin gona ya karɓa zai kai ɗakin gwaji.

An kuma kwashe tarin takin dabbobi daga bakin kwarin da ruwa ke bi, an mai da shi kan tudu. Mun shimfiɗa kara a ƙarƙashinsa, mun lulluɓe samansa. Baƙin ruwan da ke tsatsafowa daga tarin taki idan an yi ruwa, shi ne ƙarfin takin ke fita.

20 ga Mayu

Auna layin da ya yi daidai a jikin gangara. Sanduna uku aka ɗaure kamar harafin A, aka rataya dutse da igiya daga sama. Duk inda igiyar ta tsaya a tsakiya, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya, sai a kafa turke. Layin da ya fito ya yi ta lanƙwasa fiye da yadda ido ke zato. Masu huɗa sun yi ta gunaguni, sun saba jan kunya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kunya irin wannan kuwa kwata ce ga ruwa.

27 ga Mayu

Sakamakon gwaji ya dawo. Ɓangaren ƙasa, inda tarin taki ya daɗe kuma laka ke taruwa, fosfaras ya wadata har ya wuce buƙatar masara. Ɓangaren sama yana da ƙaranci. Ruɓaɓɓen ganye da kara a cikin ƙasa kuwa ya yi ƙasa a duka biyun.

Na zauna na yi lissafi. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin da kilo 7.5 na fosfet, wato fosfaras na cikin taki. Buhun yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato kilo 23 a buhu. Wanda ke neman naitirojin ta hanyar kamfa, dole ya zuba buhu uku kafin ya kamo yuriya ɗaya, yana kuma jibga wa ƙasar fosfaras ɗin da ba ta nema ba. Don haka bana ɓangaren ƙasa ba zai ga kamfa ba sam. Na sama ne zai samu, gwargwadon abin da takardar gwaji ta nuna.

Abin da ya sa nake tsanantawa kan fosfaras shi ne gwajin da David Schindler da abokan aikinsa suka yi a Kanada a 1973. Sun raba wani tafki mai lamba 226 gida biyu da labule na roba. Ɓangare ɗaya suka zuba masa kabon da naitirojin, ɗayan suka ƙara masa fosfaras a kai. Ɓangaren da ya sami fosfaras ne ya rufe da gansakuka, ɗayan ya zauna garau. A ruwan daɗi, sau da yawa fosfaras ne ke buɗe wa gansakuka ƙofa, a bakin teku kuma naitirojin ya fi yin tasiri. Tafkin da ke ƙasana ruwan daɗi ne.

2 ga Yuni

An yi ruwan shuka. Mun dasa jema a kan layuka biyu da aka auna, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin gindi da gindi, an datse ganyen don kada ya sha ruwan saiwa. A bakin rafi na bar fili mai faɗin mita 6 a tsawon mita 120, ba za a nome shi ba, an watsa masa irin gamba. Murabba'in mita 720 ke nan suka fita daga noma, ƙasa da kashi 4 cikin 100 na gonar, amma ƙasa ce mai kyau, na ji fitarta.

8 ga Yuni

Shukar masara. A ɓangaren sama, kowane rami an yi masa ɗan rami na biyu a gefe, tazarar yatsu uku, an zuba kamfa an rufe. Ba a watsa ko ƙwaya ɗaya a sarari ba. Aikin ya ninka na watsawa wajen cin lokaci.

15 ga Yuni

Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska. Da safe na tarar layin jema na sama ya tsaya, na ƙasa kuwa ya ɓalle a wuri guda, daidai inda tsohon kwari ya ratsa. Kunyoyin da aka ja a kwance sun tare ruwa yadda ake so, amma da suka cika sai duk suka juye shi wuri ɗaya, ya sami mafi rauni ya fasa. Jemar ba ta kai mako biyu ba, saiwarta ba ta kama ba, ruwan ya tumɓuke kusan taku goma na layin ya watsar da su a bakin rafi. Ya bar rami mai zurfin gwiwa. Gambar ma ba ta fito da ƙarfin da za ta tare komai ba, sai ga jar laka shimfiɗe har cikin ruwa.

Wannan jar lakar ita ce abin da ya fi damuna. Fosfaras ba ya yawo shi kaɗai sosai, yana manne wa ƙananan ƙwayoyin yumɓu ne, duk inda suka je yana tare da su. Kuma ruwa ba ya ɗaukar tsakuwa ya bar gari, mafi laushin ƙasa yake fara kwashewa, wadda ta fi riƙe taki. Ruwa ɗaya mai ƙarfi a farkon damina, lokacin da ƙasa take tsirara, yana iya kwashe abin da ya fi na sauran watanni a haɗe.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Na tona gefen masara a ɓangaren sama, na tarar da ƙwayoyin kamfa suna nan a raminsu, sun jiƙe sun fara narkewa. Da watsa su aka yi, da yanzu suna tafki.

18 ga Yuni

Gyara. Mun jera duwatsu a cikin kwarin a matakai uku, kowanne bai wuce gwiwa ba, tsakiyarsa ya fi gefensa ƙasa don ruwa ya bi ta kai, kada ya zagaye ya ci gefe. An sake dasa jema layi biyu a bayan duwatsun. A ƙarshen kwarin an haƙa ramin tara laka, inda ruwa zai tsaya ya huce kafin ya wuce. Kuɗin ɗauko dutse da na leburori ya cinye duk abin da na rage daga kamfar da ban saya ba.

28 ga Yuni

Noman farko. An bar ciyawar da aka nome a kwance tsakanin kunyoyi don ta rufe ƙasa. Gamba ta fara kore.

6 ga Yuli

Masara ta kai gwiwa, an sa yuriya kashi na farko. Daga nan zuwa fitar da kai ne masara ke shan mafi yawan naitirojin ɗinta, kafin nan saiwarta ba ta isa ta kama shi ba. Na raba yuriyar gida biyu. An soka rami da sanda, an zuba, an take da ƙafa. Yuriyar da aka bari a sarari kan ƙasa mai ɗumi tana juyewa iskar amoniya ta tashi, wadda ruwa mai ƙarfi ya tarar kuma ta narke ta bi shi. Na duba hasashen yanayi kafin mu fara, ana sa ran yayyafi ne kawai.

14 ga Yuli

Yau na sami abin da ya sauya mini tunani. Na riƙa tarar ruwa a kwalabe bayan an yi ruwa, ɗaya daga saman layin jema, ɗaya daga bayan gamba a bakin rafi. Na sama yakan kwana da laka mai kauri a gindinsa, na ƙasa kuwa ɗan shafe ne kawai. Har na fara murna. Sai na gwada ruwan da ke tsatsafowa daga jikin gaɓar rafi, wanda ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa, da takardar gwajin naitiret, wato nau'in naitirojin da ke narkewa a ruwa. Ruwa ne garai-garai, ba ka ganin komai a cikinsa, amma takardar ta rine ta tsaya tsakanin miligiram 50 da 100 cikin lita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita. Abin da ake tsoro shi ne jarirai: idan aka dama musu madara da irin wannan ruwa, jininsu yakan kasa ɗaukar oksijin, fatarsu ta yi shuɗi-shuɗi. Tarayyar Turai ta kafa doka kan naitiret tun 1991, da wannan iyaka ta 50, ta kuma hana zuba takin dabbobi da ya wuce kilo 170 na naitirojin a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari.

Ashe sinadaran biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Fosfaras yana tafiya a sama cikin laka, ciyawa na iya tare shi. Naitiret yana narkewa kamar gishiri a ruwa, ƙasa ba ta riƙe shi, sai ya nutse ya wuce ta ƙarƙashin shingen da na kafa. Jema da gamba za su sha wani abu idan saiwarsu ta yi zurfi, jema ma takan kai mita biyu zuwa uku, amma ba tukuna ba.

19 ga Yuli

Shanu sun shiga filin gamba da dare ta wajen mashaya. Sun cinye ta har ƙasa a kusan sulusin tsawonta, sun tattake gaɓa ta rufta, sun bar kashi a cikin ruwa. Jema ba su ci sosai ba, sun dai take ta. Na je wurin mai shanun, dattijo ne, gonarsa tana ƙasa da tawa. Bayan gaisuwa na yi masa bayani, na nuna masa kwalaben. Ya juya ta sama a hannunsa ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Mun daɗe muna cewa tafkin nan ya lalace, ba mu san daga ina ba." Na ce, "Baba, daga wurinmu ne duka. Idan ka yarda, zan shimfiɗa dutse a mashaya ɗaya, shanu su riƙa sauka ta nan kaɗai, ni kuma idan gamba ta girma zan yanka in kawo maka." Ya yarda.

Yankan ma yana cikin aikin. Ciyawar da ta sha taki, idan aka bar ta ta ruɓe a wurin, abin da ta sha zai koma ƙasa ya sake bin ruwa. Sai an yanka an fitar da ita ne takin ya bar bakin rafi.

27 ga Yuli

Kashi na biyu na yuriya ya makara. Tun ranar 20 ake ruwa kusan kullum, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruwa na kwance tsakanin kunyoyi a ɓangaren ƙasa. Ganyen da ke kusa da gindin masara ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, alamar yunwar naitirojin ke nan. Masu aiki suna ta matsa mini in watsa kawai, ga maƙwabta sun watsa. Na ƙi. A ƙasa mai kwance da ruwa asarar ta hanya biyu ce: wani ya nutse, wani kuma bakteriya su juya shi iska, a cikinta har da naitiros oksaid, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid fiye da sau 250. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya tsaya yana kallon amfaninsa na rawaya, buhu na ajiye a ɗaki.

29 ga Yuli

Rana ta fito kwana biyu a jere, ƙasa ta tsane. An binne yuriya. A ɓangaren ƙasa na rage adadin, tun da masarar can ta fi kore.

3 ga Agusta

Gwajin ramin katako. Bakteriyar da ke ɓata naitiret a gona mai ruwa ana iya sa su aiki da gangan. Idan ruwa mai naitiret ya ratsa ta cikin guntayen itace inda babu iska, suna cin kabon ɗin itacen, su juya naitiret ya koma iskar naitirojin, wadda dama ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Manoma a Amurka da New Zealand suna amfani da wannan dabara. Mun haƙa rami mai tsawon mita 8 a gindin gangara, daidai inda tsatsafowar ta fi yawa, har muka tarar da ruwa, muka cika shi da guntayen katako marasa fenti da magani, muka rufe da ƙasa.

10 ga Agusta

Ruwan da ke fitowa daga ramin ya yi launin ruwan ƙasa mai duhu, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Takardar gwaji ta nuna naitiret ya kusan ƙarewa, amma wannan ruwan ma ba abin sakar wa rafi ba ne, don babu oksijin a cikinsa. Launin daga sabon itace ne, zai wanke da kansa. Warin kuwa alama ce ruwan yana daɗewa a ciki fiye da kima: idan naitiret ya ƙare, wasu bakteriya sukan koma kan salfet, su fitar da wannan iska mai wari. Na sassauta mafitar don ruwan ya riƙa wucewa da sauri, na kuma karkatar da shi ya bazu cikin gamba a kan duwatsu kafin ya kai rafi.

22 ga Agusta

Masara ta yi goyo. An kwashe lakar ramin tara laka an mai da ita saman gona. An yi yankan gamba na farko. Wari ya ragu a ramin katako.

4 ga Satumba

Tafki ya yi kore bana ma. Na tsaya a bakinsa raina ya ɓaci, ko da yake na san haka za ta faru. Fosfaras ɗin shekaru yana kwance a cikin lakar gindinsa, idan oksijin ya ƙare a can ƙasa sai ya saku ya koma cikin ruwa ya ciyar da sabuwar gansakuka. Ko yau kowa ya daina zuba taki, sai an ɗauki shekaru kafin ya washe.

Manyan ƙasashe masu kuɗi ma suna fama. A watan Agustan 2014 an hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohio a Amurka da kewayensa, kusan 400,000, shan ruwan famfo na kwanaki saboda gubar da gansakukar tafkin Erie ta saki. A 2007 irin haka ta sami birnin Wuxi na ƙasar Sin daga tafkin Taihu. Inda kogin Misisipi ke zuba a Tekun Meziko kuwa, kowane bazara ana samun yankin da kifi ba ya iya zama, wanda a 2017 aka auna shi ya haura murabba'in kilomita 22,000. Takin da ke haddasa shi daga gonakin masara da waken soya yake tasowa, masu nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, kuma babu manomi ɗaya a cikinsu da zai ce nasa ne ya kashe kifin.

Na hana yaran gida wanka a tafkin, na kuma roƙi Baba kada shanunsa su sha daga inda kumfar kore ta taru. Wasu nau'o'in wannan gansakuka suna da guba mai lalata hanta, tafasa ruwan ma ba ya kashe ta.

16 ga Satumba

An shuka wake tsakanin layukan masara a ɓangaren sama, don ƙasa ta sami rufi bayan girbi. A ɓangaren ƙasa dawa na watsa da kauri, ba don hatsi ba, don ta tsotse ragowar naitiret kafin ruwan ƙarshe ya tafi da shi. Wake yana ƙara naitirojin ne, bai dace da bakin rafi ba.

7 ga Oktoba

An gama girbi. Ɓangaren ƙasa da bai ga kamfa ba bai nuna wata alamar rashi ba. Na sama ya ɗan ragu a inda rawayar ta fi tsanani a watan Yuli. Idan aka haɗa da filin da na bar wa gamba, abin da na ɗauka ya gaza na bara kaɗan. Taki na sayi ƙasa da na bara, ƙwadago kuma na biya fiye, mafi yawansa a dutse da haƙa, waɗanda ba za a maimaita ba.

Idan na jera ayyukan bisa amfaninsu, gwajin ƙasa da binne taki a lokacinsa ne a gaba, su ne kuma mafi arha. Shinge da rami suna kama abin da ya riga ya kuɓuce ne, kuma ba duka ba.

Abin da ke gaba: ba za a ƙone kara ba, za a bar shi kwance har damina. Jema ta yi kauri, zan raba gindinta in kafa layi na uku, in rene shi da ban ruwa tun kafin ruwan farko don saiwa ta kama. Yuriya za a raba ta gida uku a ɓangaren sama, yadda makarar kashi ɗaya ba za ta yi wa masara illa sosai ba. Zan ci gaba da gwada ruwan gaɓa duk wata har ya ƙafe. Baba ya ce zai tara masu gonakin da ke bakin rafin bayan an kai amfani gida, malamin gona kuma ya yarda zai zo da abin auna gangara. Na yi alkawarin ba kowane mai so gindin jema kyauta, in kuma taya shi auna layin farko.